Sef Mai Zufa

Ni dai akwatin ƙarfen nan ya gama da ni. Shekara biyu ke nan duk baƙon da ya kuskura ya zauna a falona ba ya tashi sai na ja shi ƙuryar ɗaki na nuna masa sef ɗina, na sa shi ya ƙwanƙwasa ƙofar da bayan yatsa, ya ji yadda ba ta amsawa kamar ya bugi dutse. Uwargida ta ce da a ce mace ce, da tuni ita ta yi yaji. Na ce mata kishiyar da ba ta ci, ba ta sha, ga riƙon amana, ai wannan 'yar'uwa ce.

Abin da na ajiye a cikinsa ba zai sayo maka ko ƙullin gishiri a kasuwar yau ba. Tsofaffin sulalla ne da kwabbai da aninai, waɗanda na fara tarawa daga wani gwangwani da na tsinta a adakar mahaifina bayan rasuwarsa, Allah Ya jiƙansa. Akwai anini na 1908, na alminiyum, mai huda a tsakiya da tauraro mai tsini shida da rubutun Larabci, wanda in ka ɗora shi a tafin hannu sai ka rantse ba komai a kai. A 1907 aka fara buga irinsa, yana cikin kuɗaɗen alminiyum na farko a duniya, kuma bai daɗe ba aka sauya masa ƙarfe saboda yanayinmu yana cin sa. Akwai kwabon 1936 mai sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya sauka daga gadon sarautar Ingila a watan Disamban shekarar tun kafin kuɗi mai hotonsa ya shiga hannun mutanen ƙasarsa, amma mu nan kwabonmu ya riga ya fito da sunansa, tunda huda ce a tsakiya, ba a bukatar fuska. In ka sa gilashin ƙara girma za ka ga ɗan harafin H ko KN, alamar masana'antun Birmingham da suka buga shi. Akwai sulen azurfa na 1913 mai bishiyar kwakwa, shekara guda bayan kafa hukumar kuɗin Afirka ta Yamma. Akwai liyari guda huɗu, manyan azurfar nan masu hoton Maria Theresa, kowanne giram 28, kowanne an rubuta masa 1780 ko da kuwa shekara ɗari bayan nan aka buga shi. Su ne maƙeran fari suka yi ta narkewa suna yi wa iyayenmu mata awarwaro, don haka duk wanda ya tsira har ya iso hannuna, ina ganin girmansa. Akwai kwabo 25 na 1973 mai dalar gyaɗa a bayansa. Sai kuma wuri cike da ɗan ƙoƙo, kakan kuɗi, wanda daga sunansa ma kalmar kuɗi ta fito.

Da can duk a durowa suke, cikin littafin nan mai aljihunan leda. Abin da ya tashe ni tsaye gobarar da ta faɗa wa wani abokina ce, wanda muke musayar sulalla da shi tun muna samari. Da hunturu ne. An ɗauke wuta da magariba, yaro ya bar abin dafa ruwa a jone, aka dawo da ita cikin dare. Rai dai Allah Ya tsare. Da na je jaje washegari, bai ce min komai ba, ya miƙo min wani dunƙule baƙi ƙirin kamar ƙanzon tukunya. Littafin sulallansa ne. Ledar ta narke ta haɗiye su, ta daskare a kansu. Kwabban da suka leƙo sun yi ɓawo, in ka taɓa sai ɓawon ya zube da rabin rubutun. Tammar Nijar ta alminiyum da yake ji da ita ta zama ɗigo ɗaya mai kama da kashin tsuntsu. Wurinsa kuwa na ɗauki guda tsakanin yatsu biyu, sai ya marmashe ya zama fari fat kamar alli. Mutumin da ya rasa katifa da firji da suturar iyalinsa, wannan dunƙulen ne ya sa shi juya baya yana share ido. Katifa akwai ta a kasuwa.

A hanyar dawowa na yi ta lissafi. Alminiyum yana narkewa a digiri 660 na ma'aunin santigired, shi ya sa masu zubin tukwane ke narkar da shi da gawayi da zugazugi kawai. Azurfa zalla sai 962, wadda aka gauraya da jan ƙarfe kuwa ƙasa da haka. Zinariya 1064, jan ƙarfe 1085. Ɗakin da ya kama sosai, da katifar soso da labule da silin, yana wuce 600 cikin 'yan mintuna, yana iya doshin 1000. Kuma sule ba sai ya narke yake mutuwa ba. Darajarsa a fuskarsa take, a ƙyallinsa na asali da siraran layukan gashin sarki da ganyen kwakwa. Da zarar wuta ta lashe fuskar nan, abin da ya rage sai a ɗora a sikeli a biya ka kuɗin ƙarfe. Gemun ɗan'uwana ne ya kama a gabana, ban jira wani ya nuna min randa ba.

Ranar saye na sha labari. Mai shagon farko ya daki wani ƙaton akwati mai sheƙi ya ce, "Alhaji, wannan ko kasuwa ce ta ƙone ƙurmus, shi kaɗai za a tarar a tsaye." Na ce a tsaye dai za a tarar da shi, ina labarin abin da ke ciki? Na buɗe, na ga falle ɗaya ne na ƙarfe, an manna masa takarda da Turanci cewa wuta ba ta cin sa. To ai tanda ma wuta ba ta cin ta, gasa abin da ke ciki take yi. Ƙarfe shi ne ya fi kowa saurin kai zafi ciki. Na ce ya nuna min hatimin gwaji, ya ce hatimin yana jikin kwali, kwalin kuma an yar. Na yi masa sallama.

A shago na huɗu na haɗu da masoyina. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba, don ba su ba ni ko sisi ba, kuma ba suna ne ya sa na ƙaunace shi ba. Wani ɗan allon ƙarfe ne da aka kafe a cikin ƙofar, mai alamar UL, da lamba 350, da awa ɗaya. Wallahi tun da nake ban taɓa karanta gajeren rubutu mai daɗin wannan ba.

UL wata cibiyar gwaji ce ta Amurka da aka kafa a Chicago a 1894, kuma ƙa'idarta ta gwajin sef da wuta ita ce mai lamba 72. Ka ji irin azabar da ake gana wa akwati kafin a ba shi ɗan allon nan. A sa shi cikin tanderu da na'urorin auna zafi a cikinsa, a yi ta ƙara wuta har ta kai digiri 927 a cikar awa ɗaya. Cikinsa kada ya wuce 177, wato 350 a ma'aunin Amurkawa, daga nan lambar ta samo asali, kuma an zaɓe ta ne don ta yi ƙasa da inda takarda ke fara babbakewa. Abin da ya fi burge ni shi ne ko an kashe wutar ba a ciro shi. A nan ake barinsa cikin tanderun a rufe har ya huce, ana ci gaba da auna cikinsa, domin zafin da bango ya sha yana ci gaba da ratsawa ciki bayan harshen wuta ya mutu. Duk wanda ya ga Kasuwar Sabon Gari ta Kano bayan gobarar watan Maris na 2016 ya san ɓaraguzai sukan daɗe suna turiri bayan motocin kashe gobara sun tafi. Akwai kuma gwajin da ake jefa sef mai sanyi cikin tanderun da ya riga ya haura digiri 1000, a ga ko zai fashe. Wasu har a ɗaga su da zafinsu a sako su daga tsawon mita tara a kan ɓaraguzan bulo, kamar bene ya rufta da su, a kifa su, a mayar cikin wuta. Mai rabin awa ana tsayawa da shi a 843, mai awa biyu ana kai shi 1010. Turai da Japan da Koriya ma kowa da nasa hatimin. Ni dai abin da nake so a jikin sef shi ne sunan wanda ya gwada, da zafin da aka kai, da tsawon lokaci. In babu ukun nan, maganar mai shago ce kawai.

Majiya ƙarfi huɗu ne suka shigo da shi, suna nishi suna tambayar ko duwatsu na zuba a ciki. Da na buɗe, uwargida ta leƙa ta riƙe haɓa. "Malam, wannan uban jiki, cikin kuma kamar na akwatin rediyo? An cuce ka." Ban ji haushi ba, domin abin da ta raina shi ne abin da na biya. Kaurin bangon ya kai yatsu huɗu, kuma a cikin kaurin nan sirrin yake.

Ruwa ne a ciki. Na rantse ruwa ne. Tsakanin ƙarfen waje da na ciki ana zuba wani kwaɓi mai kama da siminti wanda ke riƙe ruwa, wasu kamfanonin kuma jifsam suke sawa, dutsen nan da ake yin POP da shi, wanda kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa ruwa ne da ke ɗaure a jikinsa. Idan wuta ta taso, sai ruwan ya fara fita a matsayin tururi, kuma muddin yana fita, zafin da ke ratsa bangon ba ya yin nisa da digiri 100. Kowace mace ta san wannan ilimi: tukunya ba ta ƙonewa sai ruwanta ya ƙafe. Randa ma da zufar jikinta take sanyaya ruwa. Sef ɗina randa ce da ta yi karatu. Dabarar ma tsohuwa ce, tun wajajen 1840 Thomas Milner na Liverpool yake ƙera sef mai sakin tururi a cikin bangonsa idan ya ji wuta. A gefen ƙofar kuma akwai wani siririn zare da ke kumbura in ya ji zafi, ya toshe duk wata kafa, hayaƙi ma ya rasa ta inda zai bi. Haba! Akwatin da in ya ga mutuwa sai ya yi zufa ya kumbura baki ya rungume amanarka, a ce kada in yabe shi?

Makullinsa na juyawa ne, mai lambobi a da'ira, ba na dannawa mai batir ba. Na zaɓe shi da gangan. Ba ruwana da batir ya mutu ranar da nake sauri. Sau huɗu hagu, sau uku dama, haka har ka ji wani ɗan motsi a yatsunka, ka murɗa hannun, sandunan ƙarfe su ja baya da wata murya mai nauyi. Akwai daren da na tashi na buɗe shi don kawai in ji muryar nan.

Amma so ba ya hana faɗin gaskiya, kuma gaskiyar ita ce zufar nan da nake yabo ta kusa yi min ɓarna, da hannuna. Na kawo shi ana tsakiyar rani, na jera sulallana a ciki yadda suke a littafinsu na leda, na rufe, na yi tafiya, na shagala. Sai bayan damina ta yi nisa na buɗe. Wani warin gumi ya bugi hancina. Na ɗaga kwabo ɗaya na 1973, mai hoton rijiyoyin mai, na ga ɗigo kore shar a gefensa, ga wani maiƙo mai danƙo a fuskar wasu sulallan. Gabana ya faɗi. Akwatin da bangonsa ke riƙe da ruwa, ƙofarsa kuma ba ta barin iska, dole cikinsa ya yi laima, balle a watan Agusta. Ledar nan mai laushi kuwa, wadda ake kira PVC, da kanta take tsatso da wani sinadari da ke cin jan ƙarfe, in ta haɗu da laima abin ya zama biyu. In wuta ta taɓa ta kuma, iskar asid take fitarwa. Takardar da ta zo da sef ɗin ta yi gargaɗi a kan laima, ni ne ban karanta ba, na ajiye ta ƙarƙashin Alƙur'ani don kada ta ɓata.

Daga ranar na canza zama da shi. Littafin leda na fitar da shi gaba ɗaya. Kowane sule ya samu ɗan gidansa, wasu a kwali mai tagar Mylar, manyan a ƙwanso mai tauri. Sai na zuba su a akwatunan da murfinsu ke da roba mai hana iska, kowanne da ƙunshin silika a ciki, irin ƙwayoyin nan da ake samu a kwalin sabon takalmi an rubuta kada a ci. Na sayi mai sauya launi, daga ruwan lemo zuwa kore in ta ƙoshi da laima, sai in gasa ta a hankali ta dawo. Na sa ɗan agogon auna laima a ciki, ina so in ga allurarsa ƙasa da 50. Robar ɗaure kuɗi na kore ta, don sinadarin kibiritun da ke jikinta yana baƙanta azurfa. Duk Juma'a bayan an sauko, ina buɗe ƙofar in bar ta ta sha iska kamar rabin awa, ni kuma in zauna a gabanta da shayi. Ɗigon koren nan yana nan a kwabon har yau. Ban goge shi da toka ko lemon tsami ba, kuma ina roƙon duk mai tara sulalla da ya rufa wa kansa asiri kada ya yi. Sulen da aka dirje ya yi ƙyalli, a wurin masana ya riga ya zama gawa mai kwalliya.

Wani abin da ɗan allon bai ɓoye ba, in ka iya karanta shi: 177 lambar takarda ce. Ƙarfen sule ko a jikinsa, amma ƙwanson roba mai tauri yakan fara laushi tun wajen digiri 100, har da irin waɗanda kamfanonin tantance sulalla na Amurka, PCGS da NGC, ke rufe sule a ciki. Takardun kuɗinmu na leda, naira 20 da ta fito a 2007 da 5 da 10 da 50 da suka biyo a 2009, ko dutsen guga ka ɗora musu takurewa suke. Akwai sef mai lamba 125, wanda cikinsa ba ya wuce digiri 52 kuma ana auna laimarsa, an yi shi ne don faya-fayen kwamfuta. Shi ne sarki, amma kuɗinsa ma na sarakuna ne. Ni dabarar talaka na yi: na sayi ƙaramin akwati mai hana wuta, na sa aninina da kwabon Edward da liyarai a ciki, na cusa shi cikin babban. Riga a kan riga, kamar mai shiga sanyin Jos.

Inda aka ajiye shi ma rabin aikin ne. Nawa yana ƙasa a kan daɓen siminti, a kusurwar da bango biyu na bulo suka haɗu, nesa da kicin da tukunyar gas, nesa da inda ake ajiye man janareta. Na sa magini ya yi masa ɗan dakali mai tsawon taƙi ɗaya, domin gidan da wuta ta bari ruwan 'yan kwana-kwana yakan ƙarasa shi. An kafe shi da ƙusoshi ta ramukan da masu shi suka tanada, ban yarda an huda wani sabo ba. Dalilin kafewar kuwa ɓarawo ne. Sef ɗin wuta daban, sef ɗin ɓarawo daban. Na ɓarawo ana auna shi da mintunan da ƙwararru za su ɗauka suna dukansa da kayan aiki, shi ya sa za ka ga TL-15 ko TL-30 a jikinsa. Nawa jarumin wuta ne, ƙarfensa na waje bai kai nasu kauri ba, kuma abin da mutum huɗu suka shigo da shi, mutum huɗu za su iya fita da shi. Na sani, na sani, mutumin da ke jan baƙi su ga sef ɗinsa bai kamata ya yi wa kowa wa'azin ɓarayi ba. Uwargida ta faɗa min haka ya fi sau goma. Na dai rage, yanzu sai wanda na san kakansa.

Kowane sule na ɗauke shi hoto gaba da baya, da shekararsa da nauyinsa, hotunan suna ajiye a intanet, kwafin jerin kuma yana gidan ƙanena. Na kuma gaya wa yara cewa in ƙaddara ta faɗa, Allah Ya kiyaye, kowa ya yi ta kansa, kada wanda ya waiwayi sef, kuma kada a buɗe shi sai ya huce sarai.

Wani lokaci ina zaune gabansa sai in tuna kakanninmu da ke zuba sulalla a tulu su toshe baki su binne a tsakar ɗaki. Ba wauta suka yi ba. A zamanin jinka da danni, gobara ɗaya takan share unguwa, amma ƙasa ba ta barin zafi ya nutsa, sai a tone bayan kwana biyu a tarar da tulu lafiya lau. Matsalarsu laima ce, irin tawa, da kuma tsohon da zai rasu bai faɗa wa kowa gurbin ba. Har yau masu rushe tsofaffin gidaje sukan ci karo da irin wannan ajiya, kuma wasu daga cikin kwabbaina masu tsatsar kore na tabbata daga can suka fito. Sef ɗina tulun nan ne aka ɗago daga rami aka yi masa ƙofa.

Ita kuwa mai cewa an cuce ni, daga baya ta shigo da wani ƙulli a gefen zani. "Malam, ɗan matsa min da kwabban nan naka." 'Yan kunnenta ne na gwal da sarƙa. Bayan mako guda takardun gida suka biyo, sai takardun makarantar yara, sai fasfonta na Hajji. Yanzu shiryayyen sama gaba ɗaya nata ne, wurina da ƙoƙonsa sun koma lungu a takure, kuma da na yi ƙorafi sai ta ce ai ita da 'yar'uwarta ba mai shiga tsakaninsu. Jiya da safe na ɗauko igiyar awo na auna ɗaya kusurwar. Mai awa biyu zai shiga, in an matsar da kabad.